Yatsan Mastura

A Tutzor, idan maƙogwaron yaro ya kumbura, ba mai cewa a kai shi asibiti. Cewa ake yi a kai shi wajen Mastura. Da asibitin da Mastura ma kusan duk abu ɗaya ne, don shekara talatin da ɗaya makullin ɗakunansa uku yana ɗaure a bakin ɗankwalinta. Likita yakan zo daga gunduma ranar Talata in hanya ta yi kyau, ya sa hannu a takardu, ya sha shayi, ya koma da kankana biyu a bayan mota. Sauran kwana shida na Mastura ne. Da safe tana cikin farar rigar nas, tana allura, tana awon jini, tana yi wa masu juna biyu faɗa. Da la'asar kuma tana gida, a kan gadon katako ƙarƙashin rumfar inabi, tana aikin da ta gada wajen kakarta, wato dannar maƙogwaro.

Aikin ba shi da wani asiri. Ta wanke hannu, ta tsoma manuniyar yatsanta a zuma, ta dangwala a garin busasshen ɓawon rumman. Uwar yaro ta matse shi tsakanin gwiwoyinta. Mastura ta dubi sama ta ce, "Kai, wane tsuntsu ne wancan a kan rumfa?" Yaro na ɗaga kai, baki na buɗewa, yatsa ya shige, ya danna dama, ya danna hagu, ya ɗaga beli, ya fito. Kafin yaron ya tuna yana da haƙori an gama. Ɓawon rumman yana rina fata, saboda haka yatsan nata kullum rawaya ne mai duhu, ita kuwa ba ta ɓoye shi. A gidan biki in ta ɗauki kofin shayi, yatsan nan a miƙe yake, kowa ya gani.

Kada wani ya ɗauka 'yar camfi ce. Mastura tana da ido. Shekarar da mashaƙo ya ratsa kwarin nan, an kawo mata 'yar wani makiyayi a danna mata wuya, ta leƙa ta ga wata fata mai ruwan toka ta lulluɓe can ciki. Ta janye yatsanta, ta fita titi ta tare motar ɗaukar auduga da hannu biyu, ta sa aka kai yarinyar gunduma. Yara bakwai ta tura a watan nan, bakwai suka dawo da ƙafarsu. Tun daga lokacin in ta ce ciwo ba komai ba ne mutane su yi barci, in ta ce a tafi birni a tafi ko ana tsakar cin abinci. Ta cancanci wannan girma, kuma ta san ta cancanta.

Abu ɗaya ne ya hana ta sakewa duk rayuwarta, sunansa Oynisa.

Tare suka yi makaranta, benci ɗaya, shekara goma. Mastura ke zuwa ta ɗaya, Oynisa ke leƙen littafinta. Tare suka hau mota zuwa birni rubuta jarrabawar shiga makarantar likitoci, da gurasa ɗaya a ƙunshe suna gutsura. Da sakamako ya fito, sunan Oynisa yana jikin allo, na Mastura babu, maki biyu ne suka rage mata. Maki biyu! Ta yi makarantar nas ta dawo gida, ta yi aure, ta haifi Sanobar, ta aurar da ita, gashinta ya yi furfura, amma in ka tashe ta daga barci ka ce "biyu", ta san abin da kake nufi. Akwai kuma wani ƙaramin abu. Ranar da Oynisa za ta tafi karatu, wani saurayi mai faɗin ƙirji ne ya ɗaukar mata akwati har bakin mota. Saurayin nan shi ne Ergash, wanda bayan shekara uku ya auri Mastura. Shi ya rantse bai ma tuna ba. Ita kuwa tana iya gaya maka launin akwatin da igiyar da aka ɗaure shi da ita.

Ergash shi ne mai rabon ruwa a garin. Shi ke buɗe wa wannan gona ruwan rafi ya toshe wa waccan, kuma ba ya bukatar aike, murya gare shi. In ya tsaya a kan gada ya ce, "Layin masallaci, ruwanku ya zo!" har tattabaru sai sun tashi daga rufin makaranta. Mastura takan ce shekara talatin ba ta taɓa jin sirri daga bakin mijinta ba, don duk abin da ya raɗa mata maƙwabta sun ji. Tana faɗa kamar ƙorafi, amma tana son muryar nan fiye da yadda za ta yarda.

Ana nan sai ga labari an ba Tutzor likita mazauniya. Oynisa ce, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse, ta bar babban asibitin birni inda ta yi shekaru a sashen gaggawa, ta ce gida za ta dawo ta tsufa. Ranar da ta iso asibiti Mastura ta tarbe ta da runguma, kunci da kunci sau uku, kowa na kallo yana cewa ka ga ƙawayen ƙuruciya.

Oynisa ta ce, "Mastura-opa, ba ki canja ba ko kaɗan!"

Wata huɗu kacal Mastura ta girme ta, amma tun suna yara take liƙa mata wannan opa, wai babbar yaya, don ta san yana ƙona ta.

Mastura ta ce, "Ke kuwa kin canja. Birni ya ciyar da ke, ga shi har kujerarmu za ta yi miki kaɗan."

"Sai ki ba ni taki. Makullin fa?"

Mastura ta daɗe tana kwance ƙullin. Shekara talatin da ɗaya ya yi a wurin, ya riga ya zauna, sai da ta sa haƙori. Da ta miƙa, idon Oynisa ya sauka a kan yatsan nan mai rawaya. Ta kama hannun ta juya shi.

"Har yanzu kina sana'ar kakarki?"

"Har yanzu yaran garin nan suna da maƙogwaro."

Oynisa ta yi dariya ta saki hannun. Dariyar ba ta da mugunta, shi ya sa ta fi ciwo.

Abin da ya fara karya wa Mastura gwiwa shi ne maganar Holmat-ota, wato baba Holmat, wani tsoho mai sayar da iri a kasuwa, wanda ba a raba ƙasan harshensa da garin taba. Wata biyu muryarsa a dishe, Mastura tana ba shi madara mai zafi da kitsen jelar rago, tana cewa sanyin rafi ne. Ya shigo karɓar ƙwayar hawan jini, ya gaida sabuwar likita, ita kuwa ta ajiye biro.

"Ota, tun yaushe muryarka take haka?"

"Tun kafin shukar auduga, 'yata. Mastura na lura da ni."

"Dishewar da ta wuce mako uku ba a lura da ita, kai ta ake yi a leƙa da madubi. Gobe za ka birni."

Mastura ta ce daga bakin ƙofa, "Na duba shi sau huɗu. Maƙogwaronsa fes yake."

Oynisa ta ce, "Inda cokalinki ke kaiwa fes yake, opa. Akwai ƙasan wurin."

A birni aka sami ƙari a akwatin muryarsa, ƙarami, bai yaɗu ba, aka cire. Holmat-ota ya dawo ya zauna a shagon shayi yana ba da labari da safe da yamma, kullum ƙarin yana ƙara girma a bakinsa, daga ƙwayar wake har ya kai ƙwan kaza. Kowane labari kuma da sunan Oynisa yake ƙarewa, wai daga gaisuwa kawai ta ji ciwon. Ba wanda ya zagi Mastura. Abin da ya faru ya fi zagi muni, matan da ke cewa a kai yaro wajen Mastura suka koma cewa a kai shi asibiti.

Bayan haka Oynisa ta rubuta takarda da hannunta ta manna a bangon ɗakin allura, daidai inda Mastura ke zama. Ta tsaya tana karanta mata kamar 'yar aji ɗaya. Wai akwai wani ɗan murfi can ƙasan harshe mai rufe hanyar iska in mutum zai haɗiya. In ya kumbura, mutum zai yi ta kukan ciwon wuya mai tsanani, ka leƙa ka ga ba komai. Zai kasa haɗiye ko da yawunsa, yawun ya riƙa dalala. Muryarsa za ta koma kamar an cusa masa auduga a baki. Ba zai yarda ya kwanta ba, sai ya zauna ya turo haɓa gaba. In kuma ya fara ƙara lokacin jan numfashi, to ƙofa ta kusa rufewa.

"Wannan ba a sa masa cokali, ba a sa masa yatsa, ba a kwantar da shi. A bar shi yadda ya zauna, a kira ni, a kira mota. Taɓawa ɗaya na iya rufe shi ruf."

Mastura ta ce, "A shekara talatin ban taɓa gani ba."

"Ni na ga tara. Biyu daga ciki wajen masu yatsa suka fara biyawa, ba su iso mana da rai ba."

"To Allah ya ji ƙansu. Kin gama? Akwai mai jiran allura."

Amma ta haddace takardar. Ba don komai ba sai don ta kama kuskure a ciki. Da yamma in asibiti ya watse takan ɗauko tsohon littafinta na makarantar nas ta gwada layi da layi, tana fatan ta sami wuri ɗaya da 'yar leƙen littafi ta yi shirme. Ba ta samu ba. Sai ya zama duk garin ba wanda ya san alamomin nan kamar Mastura, har ta fi mai rubutun iya jero su, kuma kowanne ta tuna sai ranta ya ɓaci.

Shi kuma Ergash, mutumin da shekara talatin matarsa ke awon jininsa a kan gadon tsakar gida, sai ga shi wata Laraba ya sa hularsa ta zuwa biki ya shigo asibiti. Bai tsaya ɗakin allura ba, ya wuce ɗakin likita. Bangon siriri ne, muryar kuwa ta Ergash ce. Mastura na riƙe da sirinji ta ji yana ba da labarin yadda jakin malamin lissafi ya shiga ajinsu, ta ji Oynisa na dariya har da buga tebur. Yaron da ke gabanta ya sha allurar da bai manta ba.

Da ya dawo gida ta ajiye masa shinkafa ba nama a kai.

"Baban Sanobar, na'urar awon jinin gidan nan ta lalace ne?"

"A'a. Na ce dai a ji ta bakin likita."

"Da hular biki ake jin ta bakin likita? Ba ta ba ka akwati ka ɗauka ba?"

Ergash ya yi dariya har karen maƙwabta ya amsa. "Wayyo akwatin nan! Maman Sanobar, in na mutu ki sa a binne ni da shi, ko kya huta."

Ita ba ta yi dariya ba. Kishi ne, ta san kishi ne, tana da shekara hamsin da huɗu tana kishin bazawara mai ciwon gwiwa, kuma sanin bai rage mata komai ba. Har gaisuwar safe ta dame ta. Oynisa takan bi ta ƙofar gidansu in za ta aiki, Ergash kuwa ko yana can ƙetaren rafi sai ya ɗaga murya, "Likita, an tashi lafiya?" duk layin ya ji. Abin da kawai ke sanyaya wa Mastura rai shi ne akwai rafi a tsakaninsu.

Ciwon ya zo a tsakiyar tsinkar auduga. Ergash ya dawo da yamma yana cewa wuyansa na zafi, ya ture abinci. Da gari ya waye jikinsa ya yi zafi rau, ya kasa shan shayi. Mastura ta aika wa asibiti cewa ba za ta fito ba, kanta na ciwo. Ba ta ce mijinta ba shi da lafiya ba, don ta san wadda za ta ɗauko jaka ta taho.

Wajen hantsi ta fito daga madafa ta same shi zaune a bakin gado ƙarƙashin inabi, ya dafa gwiwoyi, ya turo haɓa gaba. Ta ce ya kwanta ya huta, ya girgiza kai. Ta ga gaban rigarsa a jiƙe. Yawu ne ke zuba daga gefen bakinsa, babban mutum mai jikoki, bai ko damu ya goge ba.

"Baban Sanobar, yi magana mana."

Ya yi. Muryar da ke tada tattabaru ta fito a dunƙule, kamar ta cikin bargo. Da ƙyar ta gane abin da ya ce. Cewa ya yi, "Oynisa." Ya ɗaga hannu ya nuna wajen asibiti.

Da wani suna ya kira, ko da na likitan Talata ne, da tuni ta kai ƙofa. Wannan sunan kuwa ya sauka a kan tsohon gyambo. Ta ce, "Bari dai in gani tukuna." Ta juya shi wajen rana, ya buɗe baki iyakar iyawarsa, ta leƙa ba tare da ta taɓa ba. Ja kaɗan, ba kumburi, ba farin tabo, ba komai. Takardar bango ta tsaya mata a ido layi bayan layi, da rubutun Oynisa mai karkata hagu. Ciwo mai tsanani, maƙogwaro fes. Yawu. Murya. Zama. Ba abin da ya rage sai ƙarar numfashi, kuma da ta kasa kunne ta ji ta, siririya, tana farawa.

Ta gane. Wannan shi ne abin da ba za a iya cire mata ba, kuma ba za a iya yafe mata ba. Ta tsaya a tsakar gidanta ta san sunan ciwon, ta san abin da ba a yi masa. Sai wata zuciya ta ce mata, yara nawa kika danna suka tashi? Mijinki ne, a gidanki, za ki kai wa 'yar leƙen littafi shi a hannu, gobe a zauna a shagon shayi a ce ko mijinta sai da Oynisa ta cece shi? Sau ɗaya kawai. In bai yi ba sai a kira ta.

Ta ɗauko zuma da garin rumman. Ergash ya dubi kwanon, ya dube ta. Ba ta ce masa ga tsuntsu a rumfa ba, ba ta bukata. Shekara talatin duk abin da ta miƙo masa yana haɗiyewa, sai ya buɗe mata baki.

Yatsan bai kai ga dannawa ta biyu ba. Ya yi kakari, ya zabura, ya ja iska, iskar ta ƙi shiga. Ƙarar da ta fito daga wuyansa Mastura ba ta taɓa jin irinta a bakin ɗan Adam ba. Ramin wuyansa ya lotsa ciki, idanunsa suka firfito, ya kama rumfar inabin ya girgiza har 'ya'yan suka zubo.

Gida huɗu ne tsakaninsu da asibiti. Mutanen layin sun ga Mastura a guje ba takalmi ba ɗankwali, abin da ba su taɓa gani ba. Ta banke ƙofar ɗakin likita.

"Murfin ne! Ergash! Yawu, murya, ƙara, duka!"

Oynisa ba ta yi tambaya ba. Ta fizgi jaka, ta ce wa matar da take dubawa ta buga wa motar gunduma waya, ta biyo ta da gwiwar nan tata mai ciwo. Sun same shi ya zame ƙasa, leɓɓansa sun yi shuɗi. Ta yi masa allura biyu a tsaye, ta dubi agogo, ta dubi ƙirjinsa da ke fama ba iska.

"Mota minti arba'in. Ba shi da biyar. Riƙe min kansa, opa. Miƙar da wuyan. Kada ya motsa."

Mastura ta durƙusa ta sa kan mijinta tsakanin gwiwoyinta, yadda iyaye mata ke riƙe mata yara. Oynisa ta lalubi maƙoshinsa da yatsa, ta sauko kaɗan, ta sami wani ɗan lotsi, ta sa wuƙar fiɗa. Jini ya fito. Ta miƙa hannu ba ta ko duba ba, Mastura ta sa mata abin buɗewa, ta sake miƙawa, Mastura ta sa mata bututu.  Sai suka ji iska ta shige ta bututun da wani ɗan fito, ƙirjin ya ɗaga, ya sauka, ya sake ɗagawa. Shuɗin leɓen ya fara washewa.

A nan ne Oynisa ta ga abin da ke gefen bakinsa, zuma da gari mai rawaya. Ta dubi kwanon da ke kife kusa da gado. Ta dubi yatsan Mastura, ɗanyen rini har gaɓa ta biyu. Maƙwabta sun riga sun cika ƙofar gida, ana jin hayaniyarsu. Oynisa ta jiƙa auduga ta goge bakin Ergash tas, ta tura kwanon ƙarƙashin gado da ƙafa, ta cire safar hannu guda daga jaka ta jefa wa Mastura.

"Sa wannan kafin su shigo."

Da mota ta tafi da shi, Oynisa ta tsaya a ƙofar gida da jini a rigarta, dattawan unguwa sun kewaye ta suna sa mata albarka. Ta ɗaga hannu.

"Ba ni za ku gode wa ba. Mastura-opa ce ta gane ciwon, ta zo ta faɗa min sunansa tun kafin in gan shi. Likitoci da yawa a birni ba sa gane shi. Ni yanka kawai na yi."

Kafin la'asar labari ya kai shagon shayi, Holmat-ota ya karɓe shi ya ƙara masa gishiri. Aka dawo ana cewa idon Mastura ba irin na kowa ba ne. Mata suka yi ta kawo gurasa mai zafi suna rungumar ta. Duk girman da ta yi watanni tana kukan ya tafi ya dawo mata har da ƙari, ita kuwa kowace runguma ji take kamar ana shaƙe ta.

Bayan kwana uku, asibiti ya watse, ta shiga ɗakin likita ta rufe ƙofa.

"Me ya sa kika yi musu ƙarya?"

Oynisa na rubutu, ba ta ɗago ba. "Wace ƙarya? Kin gane ko ba ki gane ba?"

"Kin ga kwanon."

"Na gani." Ta ajiye biro. "Da rashin sani ne, Mastura, da na tara garin nan na faɗa, don kada wata ta sake. Amma kin shigo nan kina jero min takardata ba kuskure ko ɗaya. Tun kafin ki sa yatsa kin sani. Wannan ba abin da zan gaya wa mutane ba ne, da shi za ki zauna."

Ranar ce kaɗai ba ta ce mata opa ba. Mastura ta jira ta ƙara wani abu, zagi ko gori, abin da za ta riƙe ta rama. Oynisa ta zuba shayi a kofi ta turo mata. Mastura ta fita ta bar shi yana tururi. Ta yafe mata maki biyu in an matsa, ta yafe akwati, amma wannan rufin asirin har yau bai wuce mata a wuya ba.

Ergash ya yi kwana goma sha tara a birni. Ya dawo da tabo a wuya kamar tsawon ɗan yatsa, da ransa, da cin abincinsa, ba tare da muryarsa ba. Likitocin can sun ce wataƙila ta dawo, ba ta dawo ba. Abin da ya rage masa raɗa ce mai kaushi. An saya masa usur don rabon ruwa, ya busa kwana biyu ya ajiye, ya ce shi ba ɗan sanda ba ne, aka ba wani aikin. Bai taɓa tada maganar kwanon ba, ko sau ɗaya. Abin da ta miƙo masa har yanzu yana karɓa ya haɗiye, wannan ma wani hukuncin ne.

Yatsan ya koma launin sauran 'yan'uwansa. In an kawo yaro da la'asar, Mastura takan zaunar da shi ta dubi yadda yake zama, ta ba shi ruwa ta ga ko zai haɗiye, ta kasa kunne ga numfashinsa. In uwar ta ce a ɗan danna masa, sai ta ce sanyin ƙashi ya kama mata hannu. Mai dishewar da ta daɗe, da mai kumburi gefe ɗaya wanda baki ya ƙi buɗuwa, da duk wanda jikinta bai ba ta ba, takan ce, "Ku kai wa likita yanzu, kada ku biya gida." Ba ta kuskure. Sunan ne dai ba ta iya furtawa.

Yanzu Ergash ba shi da rafin da zai je, da safe a benci yake zama a ƙofar gida. Ƙarfe takwas saura Oynisa takan biyo da jakarta, tana ɗingishi. Yakan sa hannu a ƙirji ya motsa baki. Da can daga ƙetaren ruwa yake gaishe ta, duk layin na ji. Yanzu ba ta jin abin da yake cewa sai ta tsaya, ta ajiye jaka, ta sunkuyo, ta kawo kunnenta dab da bakinsa. Wani lokaci ta yi dariya. Mastura tana tsaye a tsakar gida da tsintsiya, tana ganinsu ta ƙofa, ba ta jin ko kalma ɗaya, kuma ta san yatsan da ya kawo kunnen nan wurin. Takan jira su gama, sannan ta sa farar rigarta ta bi bayan likita zuwa aiki.